Daga Gona Zuwa Fagen Kokawa: Tarihin Haɗa Ƙarfi da Zafin Nama

Bahaushe ya daɗe da bambanta ƙarfi da zafin nama. Idan ya ce wane ƙaƙƙarfa ne, yana nufin mutumin da zai sungumi buhun gero ya aza a kai ba tare da an tallafa masa ba. Idan kuwa ya ce wane yana da zafin nama, yana nufin wanda kafin ƙiftawar ido ya zabura ya cafke abin da ya nufa. Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ga iri biyun: ga ɗan dako yana takawa a hankali ƙarƙashin kaya, ga kuma saurayi a kara yana tarar bijimin da ya ƙwace, ya goce wa ƙaho, ya damƙe igiya nan take. Abin da masu horar da ’yan wasa ke nema a yau shi ne tara waɗannan baiwa biyu a jikin mutum ɗaya, ta hanyar haɗa ɗaga nauyi da atisayen zabura. Tarihin wannan haɗi, a ƙasarmu da wajenta, yana koyar da darasi guda: nauyi ne ke zuwa farko, zabura ta biyo baya, hutu ya shiga tsakani, kuma babu ƙwayar da ke iya maye gurbin ko ɗaya daga cikin ukun. Matasanmu da yawa suna tsallake wannan tsari, sakamakon kuma yana bayyana a ƙoda da hanta da gaɓoɓi.

Ƙasar da ta horar da mutanenta

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, an kafa ta ne wajajen shekarar 1750 a hannun Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa. Ta kasance ƙarƙashin inuwar Borno, ba ta shiga daular Sakkwato ba, kuma a ƙarni na 19 aka dawo da fadarta daga Tumbi, da ke cikin Nijar ta yanzu, zuwa garin Gumel. Ta sha gwabzawa da Haɗejiya da Damagaram har zuwa shigowar Turawan Ingila a 1903. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa garin a 1851, ya kuma bayyana shi a matsayin babbar kasuwar kanwa. Wannan kanwa kuwa ba da kanta take hawa bayan raƙumi ko jaki ko takarkari ba. Hannun mutane ne ke ɗora ta, shi ke sauke ta.

Aikin yau da kullum ma haka yake. Ƙasar jigawa ce mai yashi, ruwanta yana nesa da doron ƙasa, damina kuma gajera ce. Daga saukar ruwan shuka zuwa girbi, manomi yana tsakanin sungumi da fartanya da garma. Da kaka ya yanke gero, ya ɗaure dami, ya ɗauka, ya jefa a rumbu. Da rani ya ja guga daga rijiya mai zurfi don shayar da dabbobi. Mata kuma suna kan turmi da taɓarya safe da yamma, da tulu a kai. Duk wannan ɗaga nauyi ne na gaske, kuma yana ƙaruwa a hankali daidai da shekarun mutum, domin ba a ba yaro damin da ake ba uba.

Ɓangare na biyu, wato zabura, yana cikin wasanni. Yaran ƙasar Hausa sun tashi da langa, inda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar yana ture abokin karawa. ’Yan mata suna da gaɗa a dandali, mata kuma suna da lugude, inda ake cilla taɓarya sama a tafa hannu a cafe ba tare da an ɓata kiɗan turmi ba. Idan amfanin gona ya shiga gida, sai fagen kokawa ya buɗe, samarin wannan ƙauye su tafi wancan. Dambe kuma, wanda asalinsa aka fi danganta shi da mahauta, shi ma lokacinsa kaka ne. A nan ne irin su Shago suka yi sunan da makaɗi Ɗan Anace ya ƙara yayatawa.

A lura da jerin. Watanni na aikin nauyi su ne ke gaba, sannan abinci ya wadata, jiki ya ɗan sarara, sai a shiga fage. Kakanninmu ba su zauna sun tsara wannan a takarda ba, yanayin shekara ne ya tsara musu. Amma saurayin da ya shiga fagen kokawa a watan Nuwamba ya shiga ne da cinyoyi da gadon bayan da suka sha huɗa tun Yuni, da agarar da ta saba da tsalle tun yana ɗan shekara bakwai.

A tsallaken iyaka, wannan gado ya zama wasan ƙasa. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta neman takobi a 1975 a Tawa, zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Bayansa an yi irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa, sai a wannan zamani Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin har sau shida. Kowace jiha cikin jihohi takwas na ƙasar tana kawo ’yan kokawa goma, ciki har da Damagaram da ke maƙwabtaka da Maigatari. Mai kallon wannan gasa ya san cewa ƙato ba ya tsira da girmansa kaɗai. Ana iya shafe minti goma ana riƙe-riƙe, amma kayen kansa a cikin sakan guda yake faruwa.

Yadda ilimi ya riski abin da gona ta sani

Tsoffin Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, mutumin Kuroton, wanda ya yi zamani a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma lashe gasar Olamfik sau shida. An ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kullum, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗauke da sa. Ko labarin almara ne, ƙa’idar da ke cikinsa gaskiya ce: tsoka tana ginuwa ne idan aka riƙa ƙara mata kaya kaɗan-kaɗan.

A asibiti aka tabbatar da wannan ƙa’ida a zamanance. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya wallafa sakamakon aikinsa kan sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunuka a gwiwa da ƙafa. A lokacin an saba ba irin waɗannan majinyata hutu mai tsawo da motsi mara nauyi. Shi kuwa sai ya sa su ɗaga nauyin da ba za su iya wuce sau goma da shi ba, yana ƙara musu yayin da suke ƙarfafa, suka kuma warke da sauri fiye da yadda aka saba gani. Daga aikinsa ne aka gaji tsarin nan na zagaye uku, kowanne ɗagawa goma, da ake bi har gobe.

Kafin wannan, a 1938, masanin Ingila A. V. Hill ya nuna da tsokar kwaɗo cewa gwargwadon nauyin da aka ɗora wa tsoka, gwargwadon raguwar saurin tsukewarta. Ma’ana, ƙarfi da sauri suna jan igiya ne a tsakaninsu, abin da muke kira zafin nama kuwa shi ne ƙarfi a ninka da sauri. Bincike na baya ya ƙara da cewa tsoka tana bukatar kimanin kashi uku cikin goma na sakan, ko fiye, kafin ta kai maƙurar ƙarfinta, alhali ƙafar ɗan tsere ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan a ƙasa. Saboda haka mutum zai iya mallakar ƙarfi mai yawa amma ya kasa fito da shi a kan lokaci, kamar mai dukiya a rumbu da baƙo ya zo ya tafi kafin a buɗe.

Wanda ya yi fice wajen warware wannan matsala shi ne Yuri Verkhoshansky, mai horar da ’yan tsalle a Tarayyar Sobiyet. Daga ƙarshen shekarun 1950 ya fara sa ’yan wasansa su diro daga kan akwati mai tsayin kimanin santimita 75, da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa su zabura sama. Hikimar ita ce, idan aka miƙe tsoka da agara ba zato, suna adana ƙarfi kamar tsirkiyar baka da aka ja, su sake shi nan take. Bayan ɗan Sobiyet Valeriy Borzov ya lashe tseren mita 100 da na mita 200 a gasar Olamfik ta 1972 a Jamus, masu horarwa na Amurka suka zuba ido kan hanyoyin Sobiyet, kuma a 1975 Fred Wilt ya yaɗa wannan atisaye a can da sunan filayometirik. Abin da masu kwaikwayo suka riƙa mantawa shi ne, Verkhoshansky ya tanadi wannan dira ne don ƙwararrun da suka riga suka shafe shekaru suna ɗaga nauyi.

Mataki na gaba shi ne haɗa biyun a zama ɗaya. An gano cewa idan mutum ya ɗaga nauyi mai yawa sau kaɗan, ya huta ’yan mintuna, jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka suna kasancewa a farke, tsallen da ya biyo baya yakan fi na da. Gilles Cometti na jami’ar Dijon a Faransa yana cikin waɗanda suka gina tsarin horo a kan wannan. Sai dai bincike ya nuna cewa masu ƙarfi ne suka fi cin wannan riba. Wanda bai da tushe, gajiya ce kawai ke biyo bayan nauyin. Ilimi ya zagaya ya dawo inda manomin Gagarawa yake tsaye: damina kafin kaka.

Abin da ya canja

Rayuwa ta sauƙaƙa ta fuskoki da dama, kuma abin godiya ne. Injin niƙa ya rage daka, famfo ya rage jan guga, babur ya rage tafiyar ƙasa, makaranta da shago sun ɗauke samari da yawa daga gona. Amma sha’awar fage ba ta ragu ba. Ga ƙwallon ƙafa a kowace unguwa, ga dambe ya shiga Facebook da YouTube, ga samari suna zuba siminti a gwangwani su soka ƙarfe su yi abin ɗagawa. Saurayi zai kalli bidiyon ƙwararren ɗan wasa yana dirowa daga akwati, gobe ya hau katanga ya diro sau hamsin, alhali ƙafarsa ba ta taɓa sanin nauyi ba. Idan gwiwa ta kumbura ko ci gaba ya yi jinkiri, sai a nufi kemis ko teburin mai tallar magani a kasuwa.

A nan ne mu masu aikin magunguna a asibiti muke da abin faɗa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta’ammali da ƙwayoyi a ƙasar, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma suna shan irin su taramol da kodin ba bisa ƙa’ida ba. Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018.

Taramol maganin ciwo ne, ba ya ƙara wa tsoka komai. Abin da yake yi shi ne toshe kunnen jiki daga jin gargaɗi, sai mai targaɗe ya ci gaba da tsalle har ƙaramin rauni ya zama babba. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai miligiram 50 da 100, amma wanda ke yawo a ɓoye yakan kai 225. Yana jawo farfaɗiya, yana danne numfashi, yana kama mutum ya kasa bari. Tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA, mai sa ido kan ƙwayoyi a wasannin duniya, ta haramta shi lokacin gasa.

Dekzametason, wanda ke cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, yaudararsa ta fi muni. Yana kumbura fuska da ciki da ruwa da kitse, mai sha ya zaci ya murje, alhali maganin yana zaizaye tsokar cinya da kafaɗa, yana raunana ƙashi, yana ta da sukari da hawan jini. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan na iya jefa shi cikin mummunan hali. Ya zo asibiti a rage masa a hankali.

Allurai da ƙwayoyin gina tsoka masu kwaikwayon sinadarin mazantaka suna ƙara tsoka da gaske, amma da tsada: suna lalata hanta, suna kumbura zuciya, suna rage maniyyi har haihuwa ta gagara, suna kuma iya tsayar da tsawon yaron da bai gama girma ba. Irinsu ne aka samu a jikin Ben Johnson na Kanada, aka ƙwace masa zinaren mita 100 a gasar Olamfik ta 1988.

Akwai kuma magungunan halal da ke bukatar hattara. Diklofenak da ibufurofen, idan aka sha su aka shiga atisaye cikin zafin Afrilu, lokacin da ma’auni ke haura digiri 40 a wannan yanki, kuma babu isasshen ruwa a jiki, suna iya illata ƙoda. Sifurofulokzasin, da ake yawan bayarwa don taifod, yana iya raunana agara har ta tsinke, abin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi tsanani a 2008. Mai shan sa ya dakatar da tsalle da gudu, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya koma.

Tsarin da ya dace

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saurayi mai lafiya da ke son zafin nama ya fara da wata biyu zuwa uku na gina tushe, sau biyu ko uku a mako: tsugunawa da tashi da nauyi, ɗaga kaya daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, turawa da jawowa. Buhun yashi ya isa, ana ƙara masa kaɗan duk mako. Tare da haka ya riƙa ƙananan tsalle a kan yashi, ya koyi sauka a hankali, gwiwa a lanƙwashe ba ta karkata ciki ba. Ga mai farawa, sauka 80 zuwa 100 a zama ɗaya ita ce iyaka. Dirowa daga wuri mai tsayi kuwa, tsohuwar ƙa’idar masu horarwa ita ce a jira sai mutum ya iya tsugunawa ya tashi da nauyin da ya kai nauyin jikinsa ɗaya da rabi.

Bayan tushe ya kafu ne ake haɗawa. A ɗaga nauyi mai yawa sau uku zuwa biyar, a huta minti uku zuwa biyar, a yi tsalle mai ƙarfi sau uku zuwa biyar, a sake hutawa, a maimaita zagayen sau uku. Da zarar tsallen ya fara gajarta, zaman ya ƙare, domin abin da ake koya wa jiki sauri ne, kuma gajiyayyen jiki ba ya koyon sauri. Sau biyu a mako ya wadatar, da kwana biyu ko uku a tsakani. A zaɓi sanyin safiya ko yamma, da azumi kuma bayan buɗa-baki. Abincin da ake bukata yana cikin kasuwanninmu: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi, awara, nono, ƙwai da fura. Barci kuma ya kai awa bakwai zuwa tara.

Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai sikila, mai gwaiwa, mai juna biyu da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, duk su ga likita kafin su fara. Kada a riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi, domin yana cilla hawan jini sama. Ciwon ƙirji, jiri ko suma alamu ne na a tsaya nan take. Idan kuma bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura da azaba, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, to tsoka ce ke narkewa cikin jini, kuma ƙoda tana cikin haɗari. A tafi asibiti a ranar.

Rabon dattawa

Wannan magana ba ta samari kaɗai ba ce. Zafin nama yana riga ƙarfi gudu idan shekaru suka ja. Bincike kan masu shekara 65 zuwa sama ya nuna ƙarfi na raguwa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a shekara, zafin nama kuwa da kimanin kashi 3 da rabi. Shi ya sa dattijo zai iya ɗaukar jikansa, amma idan ya yi tuntuɓe ƙafarsa ba ta riga faɗuwa isa ƙasa ba, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum har ƙarshen rayuwa. Abin farin ciki, jiki ba ya daina koyo. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston ta Amurka sun horar da tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 da ɗaga nauyi na mako takwas, ƙarfin ƙafar waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Ƙa’idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun shawarci kowane baligi da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku.

Baba da Inna ba sa bukatar tsalle. Kujera mai ƙwari da aka jingina da bango ta isa: a zauna a hankali, a miƙe da hanzari, sau takwas zuwa goma, a huta, a sake, wani na tsaye kusa. Idan ya yi sauƙi bayan makonni, a rungumi ƙaramar jarkar ruwa a ƙirji.

Ga iyaye kuma, idan ɗanku ya fara ɗaga gwangwanin siminti a bayan gida, kada ku hana shi, gadon gidan ne yake nema. Ku tambaye shi wata nawa ya yi yana gina tushe kafin ya fara dira, kwana nawa yake hutawa, da kuma abin da yake haɗiya. Idan kun ga ƙwaya ko allura a ɗakinsa, ku ɗauko kwalin ku kawo wa mai harhaɗa magunguna a asibiti mafi kusa, ku zo tare da yaron, a yi masa bayani a gabanku.